Adabin Yara da Tarbiyyar Zuciya a Makarantun Firamare: Nazari Daga Ashige ta Ƙasar Lafiya

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ke ƙara samun gindin zama a tsakanin masana ilimi, wato cewa aikin makarantar firamare bai tsaya ga karatu da rubutu da lissafi ba. Wajibi ne kuma yaro ya koyi gane halin da zuciyarsa ke ciki, da yadda zai danne fushi, da yadda zai zauna lafiya da wanda ba ɗan gidansu ba. Daga cikin hanyoyin da aka fi yabawa wajen cim ma wannan buri akwai shigo da masu fasaha cikin aji, kamar mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da masu zane da gwanayen ba da labari, domin su yi aiki tare da malamin aji. A wannan takarda za a kira wannan fanni "tarbiyyar zuciya da zamantakewa", shi kuwa mai fasahar da ake gayyatowa a kira shi "gwani mai koyarwa".

Manufar takardar ita ce auna wannan ra'ayi da ma'aunin adabin bakan Hausa na yara, tare da ɗaukar garin Ashige na Ƙaramar Hukumar Lafiya, Jihar Nasarawa, a matsayin wurin gwaji. Aiki ne ya kawo ni ƙasar Lafiya, kuma zagayen duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta ne ya kai ni Ashige. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, kayan aikin wannan tarbiyya suna nan a hannun yara tun kafin a ƙago mata suna, amma ba za su yi amfani a aji ba sai manazarta sun tace su, an kuma warware batun harshen da za a yi su da shi.

2.0 Asalin Ra'ayin

A Amurka ne aka fara tsara wannan aiki a matsayin fanni mai cin gashin kansa. A 1975 aka kafa wata cibiya a ƙarƙashin Lincoln Center da ke birnin New York, wadda ta riƙa tura masu fasaha makarantu. A 1994 kuma aka kafa ƙungiyar CASEL, wadda ta kasa wannan tarbiyya gida biyar: sanin kai, da mallakar kai, da fahimtar halin jama'a, da iya hulɗa, da yanke shawara ta gari tare da ɗaukar alhakinta. Durlak da abokan aikinsa (2011) sun tattara sakamakon shirye-shirye 213 da suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, suka gano cewa bayan gyaruwar ɗabi'a, sakamakon karatun yaran ya ɗaga da mataki 11 a ma'aunin ɗari. Sai dai ya kamata a lura da cewa akasarin waɗannan shirye-shirye a Amurka aka yi su, kuma binciken bai keɓanta ga hanyar fasaha ba.

A Nijeriya, rikicin Arewa maso Gabas ne ya fito da batun fili. Daga 2014 wani shiri da hukumar USAID ta ɗauki nauyinsa ya sanya irin wannan darasi a cibiyoyin koyar da yaran 'yan gudun hijira a Adamawa da Bauchi da Gombe, daga baya aka haɗa da Yobe da Borno. Amma koyarwa ta hanyar fasaha ta daɗe a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajojinta ke haddace waƙoƙi su tafi ƙauyuka su koyar da mata. Malam Aminu Kano ya riƙa shirya wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo lokacin da yake koyarwa a Bauchi a shekarun 1940. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Michael Etherton da Brian Crow, ya fita da wasa zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo. Duk waɗannan, in ban da na Malam Aminu, manya aka nufa da su. Yaron firamare shi ne aka bari a baya.

3.0 Ashige da Ajin da Aka Gani

Ashige gari ne na manoma a gabashin Lafiya, a kan hanyar da ta nufi Assakio. Kamar sauran ƙasar Lafiya, wuri ne na ƙabilu daban-daban. A wannan yanki ana samun Eggon da Alago da Koro da Barebari da Fulani da Tibi da Hausawa, Musulmi da Kirista, kuma Hausa ce harshen kasuwa da tasha. Yankin ya ɗanɗana tashin hankali: abin da ya faru a Alakyo a watan Mayu 2013 da wanda ya faru a Assakio a watan Satumba na wannan shekara ba su gushe daga zukatan mutane ba. Yaran da ke manyan azuzuwan firamare a yau an haife su ne jim kaɗan bayan haka, kuma a bakin iyayensu suka ji labarin, kowa da irin nasa. Saboda haka a nan tarbiyyar zuciya ba ƙawa ba ce. Waɗannan yara ne za su yi noma iyaka da iyaka nan da shekara goma sha biyar.

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa kiɗa da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da zane. A wani aji huɗu da na shiga, malama ta rubuta ma'anar wasan kwaikwayo da ire-irensa da Ingilishi a allo. Yara suka kwafa, aka maimaita sau uku da murya ɗaya, aka kaɗa ƙararrawa. Babu wanda ya motsa daga bencinsa. Laifin ba na malamar ba ne, domin ba fannin da ta karanta ba ke nan, kuma abin da za a tambaya a jarrabawa ta koyar. Da aka fita tara sai ga 'yan matan ajin sun yi da'ira a gindin mangwaro suna tafi. Sun fara da waƙar Hausa, can sai wata yarinya ta karɓe da harshensu wanda ban ji ba, sauran kuwa suka ci gaba da amshi ba tare da gargada ba. Darasin da aka kasa yi a aji, an yi shi a fili cikin minti goma, babu malami.

4.0 Abin da Ke Cikin Adabin Yara

4.1 Gaɗa da Langa

Manazarta sun fi mayar da hankali ga matanin waƙoƙin gaɗa, wato jigo da salo, alhali rabin darasin yana cikin yadda ake aiwatar da wasan. Mai bayarwa ba ta da waƙa sai da masu amshi, kuma bayarwar zagayawa take yi, don haka kowace yarinya tana ɗanɗana jagoranci da biyayya a dare ɗaya. Bugu da ƙari, a wasu wasannin yarinya kan fita tsakiya ta taka, sannan ta juyo ta faɗa da baya a hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla. Ba ta ganin hannayen da za su tare ta. Masu horar da 'yan wasa a Turai suna da irin wannan atisaye domin gina yarda a tsakanin jama'a, amma 'yar Bahaushe ta san shi a dandali, kuma sunansa a wurinta amana. Haka langa take ga yara maza: dokuna ba su da wata nasara ta kansu sai ruwa ya sha, kuma wanda ya saki ƙafarsa ya fita ko da babu alƙali.

4.2 Tashe

Tashe, wanda ake yi a goman tsakiya na watan azumi, shi ne makarantar kwaikwayo ta yaran Hausawa. Yaro ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, yarinya ta zama uwargida ko amarya. Wanda ya taɓa lanƙwasa bayansa ya yi tafiyar tsoho, ko da don raha ne, ya fara hango yadda duniya take a idon wani. Wannan shi ne tushen tausayi.

4.3 Tatsuniya

Tatsuniyar ruwan Bagaja ta isa misali. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, aka tura ta wanki wuri mai nisa. A hanya ta ƙi kwaɗayin abin da aka yi mata tayi, ta gaida abin mamakin da ta tarar ba ta yi masa dariya ba, ta yi aikin da aka sa ta, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta komo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya da haɗama, ta komo da abin kunya. Tsarin maimaici da aka gina tatsuniyar a kansa, wato tafiya biyu a hanya ɗaya da sakamako biyu, dabara ce ta koyarwa: ba a gaya wa yaro darasin, shi yake kwatantawa ya gano. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a jerin littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, kuma makarantu yara ya nufa da su.

5.0 Matsalolin da Ke Gaban Manazarta

5.1 Kunya da Faɗar Abin da Ke Zuci

Kirk-Greene (1974) ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka jera su kusa da rukunan CASEL biyar za a ga sun haɗu a wurare da dama. Mallakar kai ta yi kusa da haƙuri, iya hulɗa ta ƙunshi ladabi da karamci da amana, yanke shawara ta gari kuwa hikima ce da adalci. Abubuwa biyu ne suka rage babu abokan tafiya. A ɓangaren Hausa kunya ta tsaya ita kaɗai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai buƙatar yaro ya ambaci abin da yake ji a bainar jama'a. Waɗannan biyu kuwa karo suke yi. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kawaici da kara da haɗiye fushi, idan baƙo ya tsayar da shi a gaban aji ya ce ya faɗi abin da ke damunsa, sunkuyar da kai zai yi, kuma a gidansu wannan shi ne daidai.

A nan ne fasaha ke da muhimmancin da ya wuce nishaɗi. Al'ummar da ta hana faɗar magana kai tsaye ita ce kuma ta buɗe mata wata ƙofar. Matar da ba za ta iya ɗaga ido ta kalli uwar mijinta ba takan amayar da cikinta a waƙar niƙa ko ta daɓe, kowa ya ji, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Habaici da karin magana da bakin Gizo duk wannan aiki suke yi. Saboda haka gwanin da ya san aikinsa ba zai tambayi yaro me yake ji ba. Zai tambaye shi me 'yar bora ta ji lokacin da aka ɗora mata laifi mahaifinta yana kallo. Yaron da aka taɓa zalunta zai ba da amsar da ta fi ta kowa tsawo, kuma mutuncinsa na nan a rufe.

5.2 Tace Gado

Kuskure ne a ɗauka cewa duk abin da aka gada ya dace da aji. Tatsuniyar da aka ambata a sama tana da ɓangarori biyu da ke buƙatar a tsaya a kansu. Na farko, sakayyar 'yar mowa ita ce kutare da makafi da suka fito daga ƙwanta, wato an mayar da naƙasa alamar horo. A ajin da akwai yaro gurgu ko mai raunin gani, wannan darasi ne na ƙyama. Na biyu, babu inda aka bi wa 'yar bora haƙƙinta a cikin gida. Daga waje sakayya ta zo mata. Idan aka bar tatsuniyar haka, haƙuri ya rinjayi adalci, alhali duka biyun suna cikin siffofin mutumin kirki. Ba a ce a sauya tatsuniyar ba. Abin da ake bukata shi ne a buɗe ta: a sa yara su kwaikwayi zaman da mai gida zai yi da matansa bayan komowar yaran biyu, a ji hukuncin da za su yanke.

Haka nan akwai wasannin tashe da ke kwaikwayon gurɓatacciyar Hausar wanda ba Bahaushe ba, ko shigarsa, don a yi dariya. A Kano ko Katsina wanda ake kwaikwayo ba ya wurin. A Ashige yana zaune a benci ɗaya da mai kwaikwayon. Barkwanci na gaskiya, irin na Barebari da Fulani ko na Fulani da Tibi, yana da sharaɗi: ɓangarorin biyu sun yarda da shi kuma kowa na da damar ramawa. Inda babu wannan sharaɗi, abin ya tashi daga wasa ya koma gori. Sannan tashe yana ɗaure da azumi, don haka dabararsa ce za a ara, a bar kowane yaro ya kawo abin kwaikwayo daga gidansu.

5.3 Harshe

Hausa ta zaunar da motsin rai a ciki da zuciya da rai da gaba: farin ciki, baƙin ciki, ɓacin rai, zafin rai, sanyin zuciya, ƙunar zuci, faɗuwar gaba. Ɗan shekara tara ya san bambancin haushi da takaici, da na tsoro da fargaba, da na kewa da kaɗaici. Idan aka koma Ingilishi, duk wannan dukiya takan ƙanƙance ta koma kalmomi uku ko huɗu da aka rubuta ƙarƙashin hoton fuska. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke tsarin da komawa ga Ingilishi. Ko me za a ce game da lissafi da kimiyya, wuya ne a ga yadda yaro zai koyi sanin zuciyarsa da harshen da bai taɓa yin kuka da shi ba. Gwajin Ife na shekara shida da Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya riga ya nuna cewa harshen uwa ba ya hana koyon Ingilishi.

Amma akwai wani gefen da ya shafe mu, mu malaman Hausa. Ni da na taso a ƙasar Katsina, abin da ya fara zo mini a rai a Ashige shi ne in kawo littattafan tatsuniyoyin Hausa in raba. Yarinyar nan da ta karɓe waƙa da harshensu ita ta nuna mini gajartar wannan tunani. Hausa a nan harshen haɗuwa ce, amma ga yara da yawa ba ita ce harshen da kaka ke lallashi da shi ba. Idan muka koka da yadda Ingilishi ke danne Hausa, sannan muka bar Hausa ta danne Eggon da Alago da Koro a ajin da aka ce na koyon mutunta juna ne, to mun rushe darasin tun kafin a fara. Matsayin da ya dace da Hausa shi ne na tafinta: a yi tatsuniya da harshen mai ita, a fassara, a kwatanta Gizo da takwaransa na wancan harshe.

5.4 Wane ne Gwanin?

M. G. Smith (1957) ya bayyana yadda al'ummar Hausawa ke jin daɗin makaɗi da maroƙi amma take ajiye su a ƙasan tsani. Wannan kallo bai gushe ba, kuma uba da yawa zai ɗaga gira idan ya ji an kawo makaɗi ajin ɗansa. Sai dai misalin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa mai kuntigi na iya zama mai gargaɗi da kowa ke saurara. Kuma ba lallai ne a fara da makaɗa ba. Gwanayen farko suna cikin gari: tsohuwar da ta iya tatsuniya, da matar da ta yi zabiyar gaɗa a ƙuruciyarta, da mai koyar da waƙa a Islamiyya, da shugaban mawaƙan coci, da magina tukwane da masaƙa tabarma. Abin da suka rasa shi ne sanin tsarin aji, abin da malami ya rasa kuwa shi ne fasahar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6.0 Kammalawa

Takardar ta yi ƙoƙarin nuna cewa tarbiyyar zuciya ta hanyar fasaha ba baƙuwa ba ce ga adabin Hausa, kuma fasaha ita ce hanyar da ta fi dacewa da yaron da kunya ta hana shi magana kai tsaye. Ta kuma nuna cewa ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum da ɗauko gadon gida ɗungurungum duk kuskure ne. Dangane da haka ana ba da shawarwari uku. Na farko, sassan harsunan Nijeriya, musamman na jami'o'i da kwalejojin ilimi da ke wannan yanki, su tattara wasanni da tatsuniyoyin yara na Hausa da na harsunan maƙwabta tare da bayanin yadda ake aiwatar da su, ba matani kaɗai ba. Na biyu, a yi ƙaramin ƙamus na kalmomin motsin rai a Hausa da Eggon da Alago da Koro domin amfanin malamai. Na uku, a riƙa tura ɗalibanmu masu koyon aikin malanta tare da gwani ɗaya na cikin gari, a keɓe darasi ɗaya a mako wanda za a ture bencina gefe a yi wasan da jiki. Wannan ba ya bukatar kuɗin wata hukuma ta waje. Da'irar da 'yan matan Ashige suka yi a gindin mangwaro ta riga ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Saura a buɗe mata ƙofar aji.